Akun Hajiya Bashira

"To ki gaya mini, Hajiya, cikin 'ya'ya shidan da na raina a kan kaba, wanne ne ya fito da ƙuraje?"

Iya Gumsu ce mai tambayar, tana tsaye a tsakiyar falon ɗanta Haris da naɗaɗɗiyar tabarma a hammata. Wadda ake tambaya kuwa, Hajiya Bashira, gwaggon matar Haris ɗin, ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana durƙushe tana fama da wasu lanƙwasassun sanduna biyu da ta zaro daga kwali, tana laluben ramin da za ta soka su. Ta ce ita ba ta ce kowa ya yi ƙuraje ba, ta dai ce zamani ya wuce nan, kuma fatar yaran yanzu ba irin ta da ba ce. Gumsu ta ce ashe har fata an sauya, su a Kirikasamma labari bai kai musu ba.

Tun azahar ake wannan ja-in-ja. A ranar ne Kamila, matar Haris, ta dawo ɗakinta daga wankan gida da ɗanta na fari Abdulmannan, bayan wata uku cur a wajen wannan gwaggo da ta riƙe ta tun tana ƙarama. 'Yan rakiya sun cika gida, an sauke gara, ana ta zuba wa maƙwabta alkaki da nakiya. Gumsu kuwa sammako ta yi, ta hawo mota daga Kirikasamma zuwa Haɗeja don ta tarbi maigidanta, kamar yadda take kiran jikan, da tabarmar da ta saƙa masa.

Kada a ji tabarma a ɗauka irin wadda ake shanya barkono ce. Washegarin suna ta fara ta. Da kanta ta shiga ta zaɓo kaba mai ɗanyen jiki, ta tsaga ta siri-siri kamar taliya, ta jiƙa, ta rina wata ja wata kore, ta zauna a gindin dalbejiya tana saƙa har yatsunta masu sanyin ƙashi suka daina lanƙwasuwa. Da ta gama ta bi ta da gindin kwalba tana gogewa, kwana huɗu, sai da ta yi santsi kamar tafin hannu, sannan ta ɗaje bakin da ƙyallen atamfa don kada tsinke ya soki yaro. Ta riga ta faɗa wa matan unguwarsu cewa daga wannan ta ajiye saƙa, kuma a kanta maigidanta zai koyi zama.

Ita ma Hajiya Bashira ba da hannu biyu ta zo ba. Takanas ta je Kano ta zaɓo abin da take kira shimfiɗar wasa, kuma kafin la'asar kowace mace a falon ta ji labarin zaɓen sau uku. Wai kala bakwai mai kanti ya baje mata. Ta ƙi ta farko don sosonta ba kauri, ta ƙi ta biyu don ba a iya cire rigarta a wanke, ta ƙi wata don an manna mata 'yan duwatsun ado da yaro zai iya ɓamɓara ya haɗiye. Har lasar yatsa ta yi ta murza a jiki ta ga ko launin zai zuba. Ta ce malamar asibiti ta ce a riƙa kifa yaro a kan cikinsa don wuyansa ya yi ƙwari, kuma a rataya masa abin da zai riƙa miƙa hannu yana kamawa. Ina za a kifa fuskar jinjiri a kan kaba?

Da ta samu sandunan suka shiga, suka gitta juna suka yi kamar 'yar rumfa, sai ta rataya tarkacen: ɗan madubi, kacau-kacau, giwa shuɗiya, kifi, da wani tsuntsu ruwan hoda mai ƙiba a tsakiya, daidai inda fuskar yaro za ta kasance. Ta ce wannan aku ne, mai kanti ya ce in an matsa cikinsa yana kiɗa. Ta matsa, ya yi kiɗa. Mata suka yi ta salati suna sa albarka, aka kwantar da Abdulmannan, ya ƙura wa tsuntsun ido yana wutsil-wutsil da ƙafa.

Da a nan aka tsaya da Gumsu ta haɗiye. To amma an yi ruwa da safe, tsakar gida duk caɓi, masu shigowa suna ta ɓata dandamalin ƙofar falo. Sai Hajiya Bashira ta miƙe, ta sa hannu ta zare tabarmar daga hammatar Gumsu da murmushinta, ta warware, ta yaba saƙar, ta ce wallahi hannun Iya akwai kyau. Sannan ta kai ta bakin ƙofa ta shimfiɗa.

"Kun ga ta yi amfani," in ji ta. "Ku riƙa ajiye takalmanku a nan, kada ku shigo wa yaro da taɓo."

Wata ta yi dariya ta toshe baki da mayafi. Kamila ta sunkuyar da kai, don ba ta da bakin magana tsakanin uwar miji da gwaggo. Haris kuwa dama tun da ya ji muryoyi sun fara tashi ya tuna ana jiransa a injin casar shinkafa, ya haye babur.

Gumsu ta ga takalmi na farko ya sauka a kan jan zanen da ta kwana biyar tana fitarwa. Ta kau da kai. Ta nemi wuri ta zauna a gefen shimfiɗar, ta ɓare goro, tana kallon jikanta don kada ta kalli ƙofa. A nan ne idonta ya tsaya a kan akun Hajiya.

Matar da ta yi ƙuruciyarta a fadama tana korar jan-baki daga gonar shinkafa, ba tsuntsun da zai ɓoye mata. Aku idanunsa a gefe suke, bakinsa a lanƙwashe, ga jan bindi. Wannan kuwa kai da jiki a haɗe kamar tulu, idanu biyu fato-fato a gaba kamar na mutum, ɗan guntun baki a tsakaninsu, ga wasu 'yan ƙahonni biyu a ka. An shafa mata ruwan hoda, an yi mata gashin ido kamar amarya, amma mujiya ce. Mujiya a rataye a kan fuskar jinjiri ɗan wata uku. A garinsu, in ta sauka ko a katangar gidan da ake goyo, sai maƙwabta sun fito da bakin wuta sun kore ta.

Har ta buɗe baki za ta yi magana. Sai ta duba falon, ta ga 'yan rakiya sun fara watsewa, saura mutum huɗu, biyu daga ciki 'yan uwan Hajiya ne da za su rufa mata asiri. In ta yi magana yanzu, za a cire abin a jefar, gobe an manta. Ita kuwa a gaban mata fiye da ashirin aka taka mata tabarma. Ta mayar da bakinta ta rufe, ta tofa wa yaron addu'a a ɓoye, ta ci gaba da tauna goro.

Allah da ikonsa, kafin Hajiya ta tafi sai ta ba ta abin da take nema. Ta ce ba wannan Asabar ba, ta sama, za ta kawo matan ajinsu na Islamiyya su ga shimfiɗar, don da yawansu suna da jikoki a hanya, suna so ta koya musu yadda ake zaɓe. Gumsu ta ƙirga da yatsunta a ƙarƙashin mayafi. Kwana tara.

Da kwana uku ta zo yi. Da Haris ya tambaye ta ko a nemo mata mota, ta ce gwiwarta ta kumbura, ba za ta iya zaman mota ba sai ta sace. Gwiwar da ta kumbura ɗin ce ta kai ta har kasuwar kifi da ƙafa washegari, wajen Yagana, ƙawarta ta ƙuruciya da ke sayar da banda. Duk Haɗeja an san Yagana, abin da idonta ya gani bakinta ba ya kwana da shi, kuma in tana raɗa ana ji daga ƙetaren titi. Gumsu ba ta gaya mata komai ba. Ta dai ce ta zo ranar Asabar bayan la'asar ta ga jikanta, kuma ta duba shi da kyau, sama da ƙasa.

Sai dai kwana taran nan ba su zo mata da sauƙi ba. Ita ce mai fakon Hajiya, amma ita ce ba ta da sukuni. Da an kwantar da yaron sai ta ƙirƙiro dalilin ɗaukarsa, yau ta ce ya yi kashi, gobe ta ce maigida yana son hira da uwargida. Kamila sai ta karɓe shi da ladabi ta mayar, ta ce Gwaggo ta ce a bar shi ya saba. In Kamila ta shiga kicin, Gumsu ta miƙa hannu ta juya fuskar tsuntsuwar ta kalli bango, amma igiyar sai ta warware a hankali, idanun nan su dawo kan yaron. Shi kuwa ja'irin duk tarkacen ba wanda yake so sai ita. Ya bar giwa, ya bar kifi, ita yake wa gwaranci.

Kullum da yamma a-daidaita-sahu zai tsaya a ƙofar gida, Hajiya ta sauko, ta tuɓe takalmi a kan tabarmar, ta shigo ta ce, "Iya, ya gwiwa?" Gumsu ta ce da sauƙi, Hajiya, ana ta samun sauƙi.

Rana ta biyar aka kai yaron rigakafi. Da hantsi suka dawo, kafin azahar jikinsa ya yi zafi rau, ya ƙi nono, yana ta wani siririn kuka. Kamila ta ce allurar ce, an gaya musu za a yi haka, ta ba shi magani ta kwantar da shi a ƙarƙashin rumfar ko kiɗan zai lallashe shi. Gumsu ta matso kusa. Ta ga yaron a kwance idonsa ya yi rau-rau, abar nan tana lilo a kansa. Ta ce a ranta Allah ya isa tsakaninta da shaiɗan, yau za ta faɗa, Hajiya ta ci bulus. Ta kira Kamila, Kamila ta amsa daga tsakar gida ta ce tana zuwa. Kafin ta zo sai ga sallamar Hajiya. An yi yayyafi, takalminta ya ɗauko laka, ta tsaya ta kankare shi tas a gefen tabarmar, daidai kan ƙyallen atamfar, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Da Kamila ta shigo ta ce ga ta, Gumsu ta ce dama ruwan sha take so.

Ta ɗauki yaron ta goya shi yinin nan duka, ta hana kowa sauke shi, tana zagaya tsakar gida tana karanta duk abin da ta haddace. Washegari zazzaɓi ya sauka. Ta ce to, saura kwana uku, Allah ya tsare abin da ya tsare.

Ranar Asabar falo ya cika har ƙofa, takalma sun yi tsibi a kan tabarmar. Hajiya Bashira ta sha leshi, ta zauna a gefen shimfiɗar tana karantarwa. Ta sa su taɓa soson su ji kauri, ta zuge rigar ta nuna yadda ake cirewa, ta ja igiyoyin da ƙarfi don su ga ba sa tsinkewa. Ta ce zaɓen kayan yaro ba na kowa ba ne, sai mai lura, mai ido. Ta ce wasu da an ce jinjiri sai su kwaso abin da kakanninsu suka yi amfani da shi, su ce gado. Gumsu tana can kusurwa da carbi, kamar ba ta ji.

Ana cikin haka Yagana ta yi sallama, ƙamshin banda ya riga ta shigowa. Ta gaisa da mutane, ta kutsa har gaban yaron, ta durƙusa tana yi masa kirari. Ta duba ƙasa, ta duba sama. Sai ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"A'uzubillahi. Wace mara tsoron Allah ce ta rataya wa yaron nan mujiya?"

Kowa ya juyo. Hajiya ta yi 'yar dariya ta ce baiwar Allah, aku ne, a rubuce ma yake a kwali da Turanci. Yagana ta ce ita ba ta karatun kwali, amma shekara sittin tana ganin aku a keji, ba ta taɓa ganin mai ƙaho ba. Mata suka fara miƙo wuya. Abu ne da in an faɗa sau ɗaya ido ba ya komawa baya, wadda duk ta kalla sai ta ga mujiya ƙiri-ƙiri. Wata mai tsohon ciki ta tashi ta fita tsakar gida tana tofe-tofe. Malama Ummussalma, mai koyar da ajin, ta gyara murya ta ce jama'a a ji tsoron Allah, wannan camfi ne, tsuntsu ba ya cutarwa ba ya amfanarwa sai da izinin Ubangiji, balle na tsumma. Tana faɗa tana janye 'yar jikarta da ta rarrafa kusa da rumfar, ta ɗora ta a cinya ta riƙe gam.

Aka ce to ga babba, a tambayi Iya. Gumsu ba ta yi sauri ba. Ta ƙarasa jan carbinta, ta shafa, ta taso tana ɗingisa gwiwar da ta tuna tana ciwo, ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Ni 'yar ƙauye ce, Hajiya, ban san zaɓe ba," ta ce a hankali. "Amma mu a wajenmu, ko maƙiyinka ya haihu ba ka kai masa wannan barka."

Wayyo, zo ka ga Hajiya Bashira. Gumi ya karyo mata ta ƙarƙashin ɗaurin ɗankwali. Ta kama tsuntsuwar za ta fizge, igiyar da ta gama yabo ta ƙi tsinkewa, garin ja ta matsa cikin, kiɗa ya tashi. Wasu suka ƙyalƙyale, wasu suna salati. Ana ta ƙus-ƙus, wai har Kano aka je aka zaɓo, wai kala bakwai aka baje. Yagana ta sure yaron daga ƙarƙashin rumfar, ta ce a ba ta abin shimfiɗa na mutane. Da kanta ta je ƙofa ta kifar da takalman jama'a a ƙasa, har da na Hajiya, ta kakkaɓe tabarmar, ta goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ta juya bayanta ta shimfiɗa a tsakiyar falo ta kwantar da Abdulmannan. Mata suka shiga shafa saƙar suna tambayar wa ya yi, wata har tana cewa a yi wa jikanta irinta.

Gumsu ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙoƙon kai har tafin ƙafa. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ranar ta yarda. Da ta koma kusurwarta ta ja bakinta, da ta gama cin kasuwarta lafiya.

Sai Hajiya ta ce tsautsayi ne, kowa ma zai iya ruɗuwa. Ta ce ga Iya nan, duk sanin tsuntsayen nata, kwana tara tana zaune a gindin abin ba ta gane ba sai da mai kifi ta zo.

Wannan ce Gumsu ta kasa haɗiyewa. A ce ita, a gaban mata, ba ta san mujiya ba?

"Ni? Tun ranar da kika rataya ta na gane ta. Ko da ido ɗaya aka bar ni, Hajiya. Shiru na yi miki, in ga iya gudun ruwanki."

Ta faɗa tana duban mata, tana jiran dariya. Ba wadda ta yi. Yagana ma kallonta take da baki a buɗe.

Kamila, wadda tun da aka fara ba a ji muryarta ba, tana tsaye a ƙofar kicin da farantin cincin a hannu. Ta ajiye farantin a ƙasa. Ta zo ta durƙusa a gaban uwar mijinta kamar mai gaisuwa, kanta a sunkuye.

"Iya, ranar da jikinsa ya yi zafi ma kin sani?"

Gumsu ta ce ai ta goya shi ranar, kowa ya gani, kuma kullum sai ta tofa masa addu'a, kuma ai allura ce, ita Kamilar ce ma ta faɗa da bakinta.

"Allura ce," in ji Kamila. "Ni ban yarda tsumma yana yi wa yaro komai ba, Iya. Amma ke kin yarda. Kin yarda, kika bar shi a ƙarƙashinta kwana tara."

Gumsu ta matsa kusa da tabarmar. Ta miƙa hannu za ta taɓa ƙafar yaron, Kamila ta riga ta. Ta ɗauke shi, ta saɓa a baya, ta ɗaure zani, ta ƙara majanyi ta ja shi tamau, ta zura hijabi. Hajiya Bashira ta yunƙura da sauri tana neman jakarta, tana cewa yawwa 'yar nan, taho mu tafi gida.

"Zauna, Gwaggo. Ba gidanki za ni ba."

Ta ratsa ta tsakiyar mata suna janye ƙafafu, ta tsallake tarin takalman da ke warwatse a caɓi, ta bi tsakar gida ba ta waiwaya ba. Gumsu ta bi ta har dandamali ba ko ɗingishi, tana kiran sunanta, tana cewa ina za ta kai mata maigida da yammar nan. Kamila ta ja ƙofar gidan ta ƙarfe, ta fita, ta buga ta garam.